Daga Kacici-kacici Zuwa Wasan Cike Gurbi: Nazari a Yankin Funtua da Malumfashi

Gabatarwa

Kacici-kacici tsohon wasan wasa ƙwaƙwalwa ne a ƙasar Hausa, wanda yara ke yi da daddare tare da tatsuniya, musamman bayan kaka. Wannan maƙala ta dubi yadda ake ƙulla shi da warware shi a yankin noma na Funtua da Malumfashi, da abin da zai faru in aka mayar da hikimarsa kan takarda a sigar wasan cike gurbi.

Yadda Ake Ƙullawa da Warwarewa

Mai ƙulla kacici-kacici yakan ɗauki abin da kowa ya sani, ya lulluɓe shi da siffar wani abu. Tsintsiya sai ta zama shanu dubu masu maɗauri ɗaya, hayaƙi kuma ya zama gemun baba da ke waje alhali shi yana ɗaka. Idan masu sauraro sun gaza, sai ya nemi a ba shi gari kafin ya faɗi amsa. Sharaɗin wasan shi ne mai tambaya da mai amsa su yi tarayya a sanin abin da aka ɓoye.

A nan matsalar take. Yankin Funtua, Bakori, Ɗanja, Ƙafur da Malumfashi ya shahara da noman auduga, masara da dawa, kuma masana'antun gurzar auduga na Funtua da Malumfashi sun samo asali tun zamanin Turawan mulki. Kalmomi irin su angurya, shiɓa, mazari da abawa sun rayu ne tare da kaɗi da saƙar hannu. Da waɗannan sana'o'i suka ja baya, yaron da bai taɓa ganin mazari ba ba zai iya warware tambayar da aka gina a kansa ba. Kacici-kacici yakan mutu ran da amsarsa ta bar gida.

Wasan Cike Gurbi da Rubutun Boko

Wasan cike gurbi ya fara fitowa a jaridar New York World ta Amurka a 1913, daga hannun Arthur Wynne. Ana zana gidaje, a ba da manuniya, mai wasa ya cike kalmomi a kwance da a tsaye, suna haɗuwa a kan harafi ɗaya. Fa'idarsa ita ce harafin da aka samu daga wata kalma yakan kai mutum ga kalmar da bai sani ba, abin da kacici-kacici na baka ba ya yi.

Sai dai mai tsara shi da Hausa zai fuskanci abubuwa uku. Na farko, haruffa masu ƙugiya: kafa da ƙafa ba za su haɗu a gida ɗaya ba, don haka wajibi ne a bambanta ɓ, ɗ da ƙ. Na biyu, tagwayen haruffa: sh da ts kowannensu sauti ɗaya ne, sai a yanke tun farko ko gida ɗaya za su ci ko biyu, a kuma sanar da mai wasa. Na uku, rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Wannan taska ce ga mai tsarawa: gari na iya zama mazauni ko abin tuwo, fari kuma launi ko ƙarancin ruwan da manomi ke tsoro. Manuniya ɗaya na iya ɗaukar ma'anoni biyun. Wajen tantance rubutu kuwa, ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 sun isa madogara.

Kammalawa

Idan aka yi amfani da kacici-kacici a matsayin manuniya, aka kuma cike gidajen da kalmomin gona irin su huɗa, maimai, zangarniya, dami da rumbu, ɗalibi zai koyi ƙa'idar rubutu tare da kalmomin kakanninsa. Aikin da ke gaban manazarta shi ne tattara kacici-kacici daga bakin tsofaffin matan yankin tun suna raye, domin takarda ba ta adana sai abin da aka kawo mata.