Ƙwallon Ƙafa Tsakanin Wasa da Sana'a: Nazari Daga Arewacin Zamfara

Harshen Hausa da kansa ya ɗora wa ɗan ƙwallo wani nauyi tun kafin ya shiga fili. Muna kiransa ɗan wasa, alhali kalmar wasa a tunanin Bahaushe kishiyar aiki ce. Abin da ake yi da wasa shi ne abin da ba a ɗauka da gaske ba, kuma wanda aka ce yana wasa da aikinsa ba yabonsa aka yi ba. Sana'a kuwa ita ce abin da mutum yake ci da iyalinsa, wanda ake tambaya a kansa ranar da ya je neman aure. Wannan maƙala ta dubi waɗanda suka ɗauki ƙwallon ƙafa a matsayin sana'a tsantsa, ba tare da wani shauƙi ba, da kuma dalilin da ya sa matsayinsu yake ɓata wa 'yan kallo rai a garuruwa irin su Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, duk da cewa al'adar yankin ta daɗe da sanin irinsu.

Wanda aka fi kafa misali da shi a wannan batu shi ne Benoît Assou-Ekotto, ɗan ƙasar Kamaru haifaffen Faransa, wanda ya tsare wa ƙungiyar Tottenham baya ta ɓangaren hagu. A wata hira da jaridar Guardian ta Ingila a shekarar 2010, ya bayyana cewa kuɗi ne suka kai shi Ingila, ƙwallo aiki ce a wurinsa kamar kowane aiki, kuma ba ita ce abin da zuciyarsa take ƙauna ba. Abin da ya fi damunsa shi ne 'yan wasan da suke nuna wa magoya baya soyayyar ƙarya, bayan 'yan watanni kuma su koma inda aka fi biya. Shi ma Ben White, wanda Arsenal ta sayo daga Brighton a 2021 kan fam miliyan 50, ya faɗa a fili cewa ba ya zama kallon ƙwallo. Dukansu biyu sun riƙe gurbinsu a manyan ƙungiyoyi shekara da shekaru, wanda ke nuna cewa rashin shauƙi bai hana su ƙwarewa ba.

Maganganun nan ba su zo wa masu bin tarihi da mamaki ba. Tun 1885 hukumar ƙwallon Ingila ta halatta biyan 'yan wasa, bayan ƙungiyoyin garuruwan masana'antu sun daɗe suna biya a ɓoye. Har zuwa 1961 akwai ƙa'idar da ta hana a biya ɗan wasa fiye da fam 20 a mako, sai da 'yan wasan suka yi barazanar yajin aiki a ƙarƙashin jagorancin Jimmy Hill kafin a soke ta. A 1995 kuma kotun Turai ta yanke hukunci a shari'ar Jean-Marc Bosman, wanda ya ba ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare damar tafiya ba tare da an biya tsohuwar ƙungiyarsa ba. Duk waɗannan rigingimu ne na ma'aikaci da ubangidansa. A Nijeriya sai a 1990 aka ƙaddamar da gasar ƙwararru, shekarar da aka kafa Kano Pillars.

Idan aka dawo gida, arewacin Zamfara yana da madubin da ya fi na Turai dacewa da wannan lamari, wato cin rani. Tun kafin layin dogo ya iso Ƙauran Namoda a 1929, samarin wannan yanki sukan bar gida da zarar an kawar da amfanin gona, su nufi wasu garuruwa neman kuɗi, su dawo kafin faɗuwar damina. Ba wanda ya taɓa neman ɗan cin rani ya ƙaunaci garin da ya je. Abin da ake nema a wurinsa shi ne ya riƙe amanar wanda ya ba shi aiki, ya kame kansa, ya dawo da abin hannu. Wanda ya shantake a can ya manta gida shi ake zargi. A wannan ma'auni, Assou-Ekotto ɗan cin rani ne nagari: ya je, ya yi aikin da aka ɗauke shi, ya karɓi ladansa, bai yaudari kowa ba.

Dambe ma yana da abin cewa a nan. A al'adance mahauta ne suka fi shahara da shi, kuma da kaka ake yin sa, lokacin da manoma suke da abin kyauta. Ɗan dambe yana da sana'arsa ta fawa, dambe kuma hanyar suna ce da ƙarin samu. Makaɗa irin su Ɗan Anace sun ɗaukaka sunan Shago da takwarorinsa, amma ba wanda ya ga aibu don ɗan dambe ya karɓi kuɗi ko riga a fage. Bambancin ƙwallo shi ne ta zo da buƙatar mutum ya bar kowace sana'a ya tsaya a kanta ita kaɗai, a shekarun da ya kamata ya koyi wata.

A nan ne batun yake da nauyi ga matashin Shinkafi ko Zurmi. Ƙwallon da ya sani iri biyu ce. Akwai wadda yake bugawa da yamma a filin makaranta, akwai kuma wadda yake biyan kuɗi ya kalla a gidan kallo, inda ake musu kan Chelsea da Barcelona kamar gadon gida. Ta farko ba ta ba shi ko sisi, ta biyu kuma karɓa take yi daga aljihunsa. Saboda haka idan ya ji wanda ake biya miliyoyi yana cewa shi ba ya son abin, sai ya ji kamar an yi masa gori. Ina ganin wannan fushi yana da hujja, sai dai ya hana a ga tambayar da ta fi muhimmanci: idan sana'a ce, yaya sharuɗɗanta suke a ƙasarmu?

Mafi yawan ƙungiyoyin Nijeriya mallakar gwamnatocin jihohi ne, har da Zamfara United ta Gusau, wadda ta taɓa bugawa a babbar gasar ƙasa. Ƙungiyar da ke rayuwa da kasafin gwamnati tana tashi ne ta faɗi da sha'awar wanda yake kan mulki, kuma jinkirin albashi koke ne da 'yan wasan cikin gida suka daɗe suna yi. Ga kuma hanya. A watan Maris na 2015 'yan fashi suka buɗe wa motar Kano Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, suka raunata 'yan wasa biyar, ciki har da Gambo Muhammad, a lokacin da ƙungiyar take riƙe da kofin gasar sau uku a jere. Wanda ya san halin da hanyar Ƙauran Namoda zuwa Shinkafi ta shiga a shekarun nan, ko ya tuna yadda aka katse layukan waya aka kuma rufe kasuwannin mako a Zamfara a watan Satumba na 2021, ba ya buƙatar a yi masa bayanin abin da tafiya wasan waje take nufi. Raunin gwiwa guda ɗaya kuma ya isa ya rufe littafin mutum yana ɗan shekara ashirin da biyar.

Ahmed Musa ya nuna wata fuska ta wannan lissafi. Ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010 yana Kano Pillars, ya wuce VVV-Venlo ta Holan, sannan CSKA Moscow da Leicester City da Al-Nassr ta Saudiyya. Ba a taɓa jin ya ce ba ya son ƙwallo ba, amma tun yana kan ganiyarsa ya zuba kuɗinsa a gidan mai da cibiyar motsa jiki a Kano, ya kuma dawo Pillars a 2021. Shehu Abdullahi na Sakkwato, wanda yake cikin tawagar da ta ciwo tagulla a gasar Olamfik ta 2016, ya zaga Kuwait da Fotugal da Saifurus da Turkiyya da Bulgeriya kafin ya dawo gida. Irin wannan yawo ba na mai neman ƙungiyar da zai ƙaunata ba ne, na mai bin inda aiki yake ne. Mahaifin da ke Zurmi, wanda ɗansa ya ce zai bar gona ko shago ya bi ƙwallo, ba zai tambaye shi yawan son da yake yi mata ba. Zai tambaye shi wa zai biya, nawa ne, a rubuce ko da baki, da kuma abin da zai koma yi ranar da ƙafa ta gaza.