In Igiyar Lifta Ta Tsinke Fa?

Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya ya san abin da ke biyo bayan tsinkewar igiya: guga ya tafi ke nan, sai dai a nemo ƙugiya. Shi ya sa mutane da yawa sukan ji gabansu ya faɗi ran da suka fara shiga lifta, ko a dogayen benayen Kano da Abuja, ko a masaukan alhazai a Makka. Gaskiya ne lifta ta yi kama da guga, domin akwati ce da ke rataye da igiya a cikin dogon rami. To, amma akwai bambanci. Ita an ƙera ta ne bisa ƙa'ida guda, wato duk abin da ya lalace a jikinta, lalacewar tasa ta sa ta tsaya, ba ta faɗi ba. Dokokin lifta na duniya a kan wannan ƙa'ida aka gina su.

Mutumin da ya sa aka sare igiya

Tun zamanin da mutane ke ɗaga kaya da igiya, amma ba kowa ke yarda ya ɗora ransa a kanta ba. A shekarar 1854, a wani bikin baje koli a birnin Niyok na Amurka, wani makaniki mai suna Elisha Otis ya hau dandamali, aka ja shi sama a gaban jama'a, sa'an nan ya sa aka sare igiyar da ke riƙe da shi. Dandamalin ya ɗan zame kaɗan, sai ya tsaya cak.

Dabarar mai sauƙi ce. Ya ɗaura igiyar ne a jikin sifirin irin na keken doki. Muddin igiya na ɗauke da nauyi, sifirin yana lanƙwashe. Da zarar ta tsinke sai ya miƙe, ya tura harsunan ƙarfe cikin haƙoran da aka jera a gefe biyu na ramin. Ke nan tsinkewar igiyar ita ce ke taka birki. A 1857 aka kafa liftarsa ta farko mai ɗaukar mutane a wani kanti mai hawa biyar a birnin. Daga nan ne magina suka sami ƙarfin halin yin sama da gini.

Matakan tsaro

Da liftoci suka yawaita, haɗurra ma suka yawaita, sai aka ga buƙatar rubutacciyar doka. A 1921 Ƙungiyar Injiniyoyin Ƙere-ƙere ta Amurka ta fitar da kundin da ake kira A17.1. Ƙasashen Turai suna da nasu mai suna EN 81, wanda aka sabunta a 2014. Ga wasu daga cikin sharuɗɗan kundin na Turai.

Na farko, igiya. Ba a yarda a rataye akwatin mutane da igiya ɗaya ba. Aƙalla biyu ne, kuma galibi sun fi haka, duk na waya, kowace da maɗaurinta. Idan uku ne ko fiye, dole ƙarfin kowace ya ninka nauyin da take ɗauka sau 12 aƙalla, idan kuwa biyu ne, sau 16.

Na biyu, awon nauyi. A cikin kowace lifta akwai ɗan allo, alal misali mai cewa mutum 8, kilo 630. An ƙiyasta kowane mutum a kan kilo 75. Ɗalibi na iya gwadawa: 630 a raba da 75 ya ba da 8.4, sai a yar da ɗigon a bar 8. Idan kaya suka wuce kima, wata na'ura takan yi ƙara, lifta ta ƙi motsi har sai wani ya fita.

A ɗaya bakin igiyoyin kuma akwai tulin ƙarfe da ke sauka idan akwati na hawa, kamar sikeli mai faranti biyu. Nauyinsa yakan kai na akwati, a ƙara kusan rabin kayan da aka ƙayyade. Idan akwatin kilo 1,000 ne, to tulin zai kai wajen 1,315. Saboda haka inji ba ya ɗaga nauyin duka, sai ɗan bambancin da ke tsakani.

Na uku, birki. A nan ne hikimar Otis ta fi fitowa. Birkin mota sai an taka yake kamawa, na lifta kuwa a kame yake kullum, domin sifirin ne ke matse shi. Wutar lantarki ce ke buɗe shi ta hanyar maganaɗisu. Don haka idan aka ɗauke wuta, maganaɗisu ya saki, sifirin ya matse, lifta ta tsaya inda take. Wannan muhimmin abu ne ga mazauna Nijeriya da Nijar, inda ɗaukewar wuta ba baƙon abu ba ne.

Na huɗu, mai gadin gudu. Wannan wani gargare ne mai igiyarsa dabam da ke haɗe da akwati, yana juyawa daidai da gudunsa. A jikinsa akwai ƙananan ƙarafa da juyi ke wurgawa waje, kamar dutse a majajjawa. Idan gudu ya zarce ƙa'ida, sai su buɗe su katse wuta, su kuma riƙe igiyar. Ita kuma ta fizgo wasu ƙarafa da ke jikin akwati, su damƙe dogayen ƙarafan da yake bi. Doka ta ce kada damƙar ta auku sai gudun ya kai kashi 115 cikin 100 na wanda aka tsara. Wannan na'ura ba ta jiran igiya ta tsinke, gudu kawai take aunawa.

Na biyar, a gindin ramin akwai matashi na sifirin ko na mai, irin shokazobar mota, don tarbar akwati idan ya zarce hawan ƙarshe.

Na shida, ƙofofi. Kowace ƙofar bene tana da makulli wanda ba ya buɗewa sai akwati na gabanta, kuma inji ba ya tashi sai duk sun kulle. Wanda ya ga lifta ta ƙi tafiya saboda ƙofa ba ta rufu ba, kada ya yi tsaki. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Haɗurra biyu

Faɗuwar lifta daga sama har ƙasa abu ne da ba safai yake faruwa ba. Wadda ta fi shahara ta auku ran 28 ga Yuli, 1945, lokacin da jirgin saman soja ya ɓace cikin hazo ya daki benen Empire State a Niyok, mutum 14 suka mutu. Ɓaraguzan jirgin sun lalata igiyoyin wata lifta, ta faɗo hawa 75 da wata ma'aikaciya a ciki. Ta ji munanan raunuka, amma ta rayu. Abin lura shi ne sai da jirgin sama ya daki gini kafin matakan tsaro su gaza a lokaci guda.

Na biyun ya fi kusa da gida. A watan Agusta na 2023 wata matashiyar likita ta rasu bayan lifta ta faɗo da ita a gidan kwanan likitoci na wani asibitin gwamnati a Legas. A nan babu jirgi, babu hazo. Abokan aikinta sun ce sun daɗe suna kuka da matsalar liftar.

Darasin a fili yake. Igiya na cinyewa, birki na suɗewa, ƙurar hunturu na shiga makulli, tsatsa na kama mai gadin gudu. Na'urar da ta shekara goma ba ta motsa ba, wa ya san za ta kama ran da aka neme ta? Shi ya sa dokar Birtaniya ta 1998 ta wajabta ƙwararre ya binciki liftar mutane ciki da waje duk wata shida. Mafi munin abu kuwa shi ne makaniki ya haɗa waya ya tsallake makullin ƙofa don lifta ta daina tsayawa. Ya kashe mai gadi ke nan don kada ya dame shi da kururuwa.

Idan lifta ta tsaya da mutum

Wanda lifta ta tsaya da shi tsakanin hawa biyu ya kwantar da hankalinsa. Birki na riƙe da shi, kuma iska ba za ta ƙare ba, domin doka ta wajabta kafofin shan iska a jikin akwati. Ya danna maɓallin ƙararrawa, ya jira masu aikin. Kada ya ɓanɓare ƙofa ya nemi fita, domin ƙarƙashin akwati rami ne buɗe, kuma wuta na iya dawowa yana rabi ciki rabi waje. Idan gobara ta tashi a gini, matakala ake bi, ba lifta ba. Kada a tare ƙofa da hannu ko ƙafa, kuma a riƙe hannun yara da bakin babbar riga ko mayafi.

Wanda kuma ya ji lifta na ƙara, ko ya ga tana tsayawa sama ko ƙasa da daɓe, ya sanar da masu ginin nan take, in da hali a rubuce. Injiniyoyi sun yi nasu, sun ƙera guga mai kama bango idan igiya ta tsinke. Sauran aikin yana wuyan mai gini da mai gyara da mai bincike, da kuma mai hawa wanda ya ga alama bai yi shiru ba. Rigakafi dai ya fi magani.