Yadda Orhan Pamuk ya ƙarasa littafinsa na annoba a tsakiyar korona

A daren 21 ga watan Maris na 2020 gwamnatin Turkiyya ta hana duk wanda ya kai shekara 65 fita daga gida saboda cutar korona. Cikin waɗanda dokar ta tsare har da Orhan Pamuk, marubucin birnin Santambul da ya samu kyautar Nobel ta adabi a 2006, wanda a lokacin yake da shekara 67. Abin mamaki, shekara huɗu ke nan yana rubuta wani ƙagaggen labari a kan annoba.

Zaman ɗaka ba baƙon abu ba ne gare shi. Tun da daɗewa ya faɗa wa ƴan jarida cewa yakan yi kusan awa goma a kan teburinsa kowace rana, a wani gida na unguwar Jihangir da tagarsa ke kallon mashigin ruwan Bosforus. Da alƙalami yake rubutu a littattafan hannu, ba da kwamfuta ba, kuma in jimla ta ƙi zuwa yakan zana jiragen ruwa da duwatsu a gefen shafi. Mutumin da ya saba kulle kansa da kansa, dokar kulle ba ta rage masa aiki ba. Ziyara da tafiye-tafiye da taruka ne suka tsaya.

Karatunsa ma duk na annoba ne tun kafin a ji sunan korona. Ya karanta littafin Daniel Defoe na 1722 a kan annobar da ta afka wa Landan a 1665, da na Alessandro Manzoni mai ba da labarin ta birnin Milan a 1630, da La Peste na Albert Camus, wanda ya fito a 1947 kuma waɗanda suka yi karatun boko da Faransanci suka sani. Ya haɗa da rahotannin likitoci da littattafan tarihi. A wata maƙala da ya buga a jaridar New York Times cikin Afrilu 2020 ya taƙaita abin da ya gano: ko'ina hukumomi kan fara da musun cewa cuta ta shigo, daga nan jita-jita ta bazu, sannan a ɗora wa baƙi laifi.

Labarin nasa yana faruwa ne a 1901, a wani tsibiri da ya ƙirƙira mai suna Minger, ƙarƙashin daular Usmaniyya ta Turkawa, inda rabin jama'a Musulmi ne, rabi Kirista. Cutar ita ce wadda ƙuman ɓeraye ke yaɗawa, wadda ta ɓulla a Hong Kong a 1894 ta kashe miliyoyin mutane a Indiya. Sarki Abdulhamid na biyu ya aika babban jami'in lafiyarsa ya kafa dokar killacewa, aka kashe shi jim kaɗan da saukarsa. Daga nan rigima ta koma kan tambayar da ta fi magani wuya: ta yaya za a sa mutanen da ba su amince da hukuma ba su rufe kasuwa, su bar taro, su miƙa marar lafiyarsu? Wanda ya ga tarzomar da ta biyo bayan rufe masallatai a Mirya da Yamai a 2020 ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

To mene ne korona ta canza a aikin? Tsoro. Pamuk ya bayyana a hirarraki cewa duk da tarin karatunsa, sai da cutar ta iso birninsa ya gane mutanen labarinsa ba su firgita kamar yadda shi ya firgita ba, don haka ya koma ya ƙara musu fargaba. Gani ya kori ji. Wannan ikirari ya fi sauran bayanansa nauyi, domin daga bakin mai bincike irinsa ya fito, wanda ya san ranaku da alƙaluman mace-mace na ƙarni uku amma bai san yadda zuciya ke bugawa in maƙwabci ya yi tari ba.

Akwai kuma damuwar da ta shafi sana'a. Shekara da shekaru abokai na tambayarsa wa zai karanta labarin wata tsohuwar cuta da aka manta. Yanzu kuwa abin gudun shi ne a ce ya rubuta littafin a gaggauce don cin kasuwar korona, alhali ya soma shi tun 2016.

Littafin ya fito a Turkiyya cikin Maris 2021 da sunan Veba Geceleri, wato Dararen Annoba, kamfanin Gallimard kuma ya buga fassararsa ta Faransanci, Les Nuits de la peste, a 2022. Bai wuce lami lafiya ba. A cikin 2021 aka buɗe wa Pamuk bincike bisa ƙarar cewa wani jami'in soja na cikin labarin shaguɓe ne ga Mustafa Kemal Atatürk, wanda ya kafa jamhuriyar Turkiyya, zargin da marubucin ya musanta.