Shirin Tafiyar Mako Guda Domin Duba Kufai da Tsofaffin Wuraren Ibada a Arewacin Zazzau

A ƙasashen da magabata suka yi gini da dutse, kamar Masar da Habasha da Zimbabuwe, wanda ya yi niyyar ziyarar kufai aikinsa kaɗan ne: ya nemi mota, ya ƙidaya kwanakinsa, ya kama hanya, gine-ginen kuwa suna nan tsaye rani da damina. A ƙasar Hausa da ƙasa a ke gini. Tubali da azara da yaɓe su kan daɗe ƙwarai muddin akwai mai gyara su bayan kowace damina, amma ran da mutane suka tashi, ruwa ya kan fara mai da ginin inda ya fito, har ya zama tudu mai ciyawa wanda baƙo zai taka ya wuce bai san ya hau ganuwa ba. Saboda haka malamin da ya ke so ya kai ɗalibansa su ga tarihi da idonsu, rabin aikinsa tun yana gida zai yi shi, watau ya zaɓi lokaci, ya nemi izini, ya kuma koyi kalmomin da zai yi tambaya da su. Shirin da ke biye na kwana bakwai ne a mota, daga Zariya zuwa ƙasar Kudan da Makarfi da Ikara, a ƙare a Kano.

Batun lokaci shi ne na fari. Daga Yuni zuwa Oktoba dawa da masara sun rufe ƙasa, hanyoyin ƙauye sun yi taɓo, manoma kuma ba su da sukunin zama da baƙo. Watannin da suka dace su ne Disamba da Janairu da Fabrairu, sa'ad da an kau da amfanin gona, ciyawa ta bushe, kan tudu ya bayyana. Aibin wannan lokaci hazo ne, domin ya kan dushe hoto, ya kuma hana hangen nesa daga kan dutse. Ko a cikin yini ɗaya ma akwai zaɓi. Da hantsi da la'asar sakaliya rana tana gefe, tudun da bai wuce gwiwa ba ya kan yi inuwa a gane shi, alhali da tsakar rana duk fili ɗaya ne. Yana da amfani kuma a duba hotunan tauraron ɗan'adam a kwamfuta kafin a tashi, gama sau da yawa zoben tsohuwar ganuwa ya fi fitowa daga sama.

Sa'an nan izini. Duk garuruwan nan uku a ƙarƙashin masarautar Zazzau su ke, ladabi kuwa shi ne takarda ta bi ta fada zuwa ga hakimi, hakimi ya haɗa baƙi da dagaci, dagaci ya ba su ɗan rakiya. Wanda ya tsallake wannan tsani ya faɗa gonar mutane da na'urar ɗaukar hoto, ba zai sami wanda zai gaya masa kome ba, kuma a zamanin nan zarginsa za a yi. Sace mutane domin kuɗin fansa ya addabi wasu sassan Jihar Kaduna a shekarun baya-bayan nan, musamman wajen Birnin Gwari da Giwa da Igabi. Don haka kada a yi tafiyar dare, a kuma tambayi halin hanya kowace safiya. Abin da ya sauƙaƙa al'amarin shi ne kusan duk wuraren nan ana iya zuwa a komo Zariya kwana. Har wa yau doka ta hana haƙa ko ɗaukar kayan tarihi sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979. Ɗalibi ya duba katanga ta fasasshiyar tukunya, ya zana ta, ya ajiye ta inda ya same ta.

Ranar farko ta birnin Zariya ce. A zaga ganuwa daga Ƙofar Doka, a bi ta Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kona, a lura da inda ta ke tsaye da inda masu ɗibar ƙasa da masu gina gidaje suka cinye ta. A nan ne ya kamata ɗalibai su rarrabe kalmomi, domin da su za su yi aiki duk makon. Kufai wurin da gari ya tashi ne. Kango gini ne wanda bangonsa ya saura ba rufi ba mazauni. Badala ita ce matakar da ke jikin ganuwa daga ciki inda maharba ke tsayawa, kududdufi kuwa ramin da aka ɗebi ƙasar gini. Wanda ya tambayi tsoho inda “kayan tarihi” su ke, ya kan ce babu. Wanda ya tambaye shi ina kufan garin nan, sai ya ɗauki sandarsa ya shige gaba.

Babban abin dubawa a birni shi ne Masallacin Juma'a, wanda Muhammadu Durugu, da a ke kira Babban Gwani, ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834–1846). Gwanintar da ke cikinsa ta rufi ce. Azara guda, watau tsagin giginya, ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin ɗaki ya wuce wajen ƙafa shida. Dabarar magina ita ce su jera azara hawa hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har hannuwa biyu su haɗu a sama su zama bakan gizo, a kan waɗannan kuma a ɗora tulluwa. Wani masanin gini mutumin Folan, Dmochowski, ya auna masallacin ya zana shi dalla dalla, kuma an gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. A shekarun 1970 aka kewaye tsohon ginin da sabon gini na siminti. Ran Juma'a 11 ga Agusta 2023 wani sashe ya rufta ana cikin sallar la'asar, mutane da dama suka rasu. Lalle ne mai shirin tafiya ya tambayi fada abin da za a iya gani kafin ya ɗebo ɗalibai, ya kuma riƙo zanen Dmochowski a hannu.

Rana ta biyu a tafi Kufena, dutsen da ke yamma da birni kusa da Wusasa. A gindinsa akwai ragowar ganuwoyi waɗanda Sutton da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello suka bincika a shekarun 1970, tare da wuraren narkar da tama a wajen Samaru. A nan za a fahimci dalilin da ya sa mai neman ɗakin tsafi irin na Masar ba zai same shi ba. Hausawan farko iskoki su ke bauta wa, mazaunin iskoki kuwa dutse ne da kuka da tsamiya da rijiya. Abdullahi Smith ya kawo ra'ayin cewa manyan duwatsun nan, irin su Kufena da Dala, su suka jawo mutane suka taru a gindinsu saboda tsaro da ruwa da tama da kuma tsafi, har birni ya tsiro. Mai kunnen harshe zai ji Kufena ta yi kama da kufai, ya yi marmarin haɗa su. Kamannin sauti kaɗai ba hujja ba ne, gara a rubuta shi a matsayin tambaya. A hanyar komowa a tsaya a majami'ar Wusasa ta 1929, wadda aka gina da ƙasa bisa tsarin magina Hausawa, ɗalibai su gwada rufinta da abin da suka koya jiya.

Turunku, a ƙasar Igabi kudu da Zariya, ita ce ta rana ta uku in hanya ta yi kyau, in ba ta yi ba a bar ta. Can ne a ke danganta wa Bakwa Turunku, wanda jerin sarakunan Zazzau ya sa a 1536, da kuma Amina. Malami ya nuna wa ɗalibai saɓanin da ke nan: littafin Tarihin Kano ya ambaci Amina a zamanin Sarkin Kano Dauda (1421–1438), watau shekara ɗari kafin Bakwa, jerin sarakunan Zazzau kuwa bai sa ta cikin masu sarauta ba. Ya kuma gargaɗe su game da “ganuwar Amina”, domin suna ne da a kan laƙa wa tsohuwar ganuwa a wurare da yawa in an manta wanda ya gina ta.

Kwana uku na gaba, na Kudan da Makarfi da Ikara, su ne zuciyar tafiyar, ko da ya ke su ne masu yawon buɗe ido ba su kula da su ba. Wannan yanki yana tsakanin manyan birane biyu, kuma tsohuwar hanyar fatake daga Zariya zuwa Kano ta nan ta ratsa, ta Likoro har Bebeji. Clapperton ya wuce daga Zariya zuwa Kano a 1826, Staudinger Bajamushe kuma a 1885. A ƙarni na 19 kudancin Kano da arewacin Zazzau ƙasar auduga ce da saƙa da rini, garuruwa masu ganuwa kusa da juna, da rinjoji inda bayi ke noma. Wanda ya ke so ya san amfanin ganuwar ƙaramin gari ga talaka, ya karanta labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954. Baba ta tashi a wajen Zarewa, a ƙasar Kano dab da wannan iyaka, ta kuma ba da labarin mahara da yadda mutanen ƙauye ke gudu cikin gari.

Akwai kuskure guda da mai bin taswira ya kan yi, shi ne ya ɗauka garin hakimi ko hedkwatar ƙaramar hukuma shi ne mafi tsufa. Kafin Turawa su ci Zazzau a 1902 masu sarauta a birni su ke zaune, jakadu ke karɓo musu haraji daga garuruwan da ke warwatse. Turawa ne suka yanka gundumomi suka fitar da hakimai. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, tashoshi irin su Gimi suka ja kasuwa, daga baya titin mota ya sake janye mutane zuwa bakinsa, kamar yadda Tashar Yari ta nuna a mararrabar Makarfi. Duk inda aka ji Sabon Gari ko Tasha ko Tudun Wada, a tambayi ina tsohon ya ke. A ƙasar Kudan, wadda hedkwatarta Hunkuyi ce, a ba Likoro da garin Kudan yini guda. Makarfi a yau an fi saninta da rake da mazarƙwaila, amma a ƙauyukanta abin nema shi ne tsohuwar marina, domin bakin karofi da tudun katsi su kan saura bayan rini ya mutu, sai kuma tarin kashin tama, da kukoki da suka yi cincirindo a fili ba gida, waɗanda sau da yawa alamar kufai ne.

A ƙasar Ikara akwai Maguzawa, kuma nan ne ɗalibi zai fi kusa da sanin yadda ibadar farko ta ke. Sai dai a yi hattara. Da yawa cikinsu sun musulunta ko sun shiga Kiristanci, wasu ba su son sunan, kuma itacen da baƙo ke gani inuwa ce kawai yana iya zama wurin da ba a taɓawa. A karanta littafin Greenberg na 1946 a kan Maguzawan Kano kafin a zo, a gai da mai gida, a bar shi ya nuna abin da ya ga dama.

Wajen rubuta abin da aka ji, malaman Hausa suna da wani hakki na musamman. Zazzaganci ba ya rarrabe jinsi kamar Kananci: Bazazzagi ya kan ce Ƙofan Doka da Tashan Yari, ya kuma sa “ne” inda Bakano zai sa “ce”. Ɗalibin da aka horar da daidaitacciyar Hausa hannunsa zai yi ta gyarawa ba da saninsa ba, da haka sai ya shafe shaidar da ya zo nema. A rubuta suna yadda ya fito daga baki, a sa alamar karin sauti da tsawon wasali, tun da rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna su, a kuma ɗauki murya in mai magana ya yarda. Labarin asalin suna, irin wanda a ke cewa wani maharbi ya faɗi kaza sai gari ya sami suna, a rubuta shi duka da sunan unguwar da aka ji shi, amma a shafi dabam da na abin da ido ya gani. In tsofaffi biyu sun saɓa a rubuta duka biyun. Haka ma malaman tarihi suka saɓa a kan shekarar da Malam Musa ya kori Makau daga Zariya: ruwayar gida ta ce 1804, binciken baya ya kai ta 1808.

Rana ta bakwai a kama titin Kano da sassafe a hau Dala. Tarihin Kano ya ce a nan Barbushe ya zauna, kuma wurin bautar Tsumburbura itace ne da aka kewaye da bango, ba mai shiga sai shi. Babu itacen yau, babu bangon. Daga kan dutsen ana hangen Goron Dutse da abin da ya rage na ganuwa a tsakanin gidaje. Da azahar a sauka Gidan Makama, inda ɗalibai za su ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin birni, su zauna a ƙarƙashin bakan gizo su daidaita rubuce-rubucensu na mako, a fitar da kwafi guda na kowane gari domin a aika wa dagacinsa.