Kula Da Gine-Ginen Jama'a Sana'a Ce

Mu ɗaliban da aka rarraba ƙasar Kankiya da Kusada don gwajin koyarwa mun komo makaranta kowa da labarinsa. Wani na yara ne, wani na hanya, wani kuwa na tuwon masauki. Amma da muka zauna muka haɗa labaran, sai muka tarar akwai magana guda wadda ta fito daga bakin kowa, watau halin da gine-ginen jama'a su ke ciki, da mutanen da aka ɗora wa nauyin kula da su. Saboda haka muka ga ya kamata mu rubuta abin da muka gani, da abin da muka karanta bayan komowarmu, ko ya amfani 'yan'uwa waɗanda za su fita bayanmu.

Bari mu fara da abin da ya same mu. A wata makarantar ƙauye inda aka kai waɗansunmu, akwai aji ɗaya wanda kwanon kusurwarsa ta gabas ya ɗaga, ƙusa uku ko huɗu sun zare. Duk sa'ad da iska ta kaɗa sai ka ji yana ƙara, yara su yi dariya, mu ma mu taya su. Hedimasta ya ce ya rubuta takarda, maigadi ya ce ba shi da tsani, mu kuwa muka ce baƙi ne, ba ruwanmu. Ran nan da la'asar sai hadarin farko ya haɗo daga gabas, iska ta shiga ta wannan 'yar kafa, ta yaye rufin ajin ɗungum, ta yar da shi cikin gonar wani. Sa'a ɗaya, an riga an tashi yara. Littattafai suka jiƙe, yara suka koma gindin darbejiya har muka baro garin. Abin da kuɗin ƙusa da ladan kafinta na rabin yini za su tsare, ga shi ya zama aikin ɗan kwangila. Kunyar wannan abu har da mu a ciki, gama mun gani, mun kuwa yi shiru.

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina ya tsaya Kankiya ya duba da kyau, zai ga dukiyar jama'a mai yawa a tsaye. Ga babban asibiti, ga Makarantar Koyon Aikin Kiwon Lafiya, ga ofisoshin ƙaramar hukuma, ga kasuwa da tasha da masallatai da makarantu. In ya ƙarasa Kusada, ga madatsar ruwa. Garuruwa irin su Rimaye da Kafin Soli da Yashe da Mawashi kuma ba su rasa nasu rabon gine-ginen. Kowane gini yana da ranar da aka buɗe shi, aka yi kiɗa da jawabi, aka watse. To, kashegari fa, wa ya ke da shi?

Kakanninmu sun san amsar wannan tambaya, domin ginin ƙasa ba ya yarda a manta da shi. Da tubali a ke ɗaga bango, a jera azara a rufe soro, a sa indararo don ruwa ya zuba nesa da gindin gini. An zaɓi azara ne daga giginya saboda gara ba ta cinta da sauƙi. Don kāre bango daga ruwa a kan yi yaɓe da makuba, wadda a ke samu daga ɓawon ɗorawa. Masu hali kuwa su kan sa laso, wanda a ke haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Amma kome kyan yaɓe, damina tana cinsa kaɗan kaɗan, saboda haka da rani kowane maigida ya san wajibi ne ya hau soro ya duba, ya toshe tsaga, ya share bakin indararo tun ruwa bai sauka ba. Ginin sarki da masallaci da ganuwa kuwa suna wuyan Sarkin Magina, shi ya san lokacin gyara, shi ke tara magina, jama'a su kawo ruwa da ƙasa a yi gayya. Yaro ya kan fara da cuɗa ƙasa a bayan ubansa, ya yi shekaru kafin a bar shi ya ɗaura bakan gizo. Watau akwai mai nauyi wanda aka sani, akwai lokaci wanda aka yanka, akwai kuma hanyar koyo.

Shaidar amfanin wannan tsari tana nan cikin birnin Katsina. Hasumiyar Gobarau ta ƙasa ce, gyara bayan gyara ya kawo ta zamaninmu. Ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, shi ma na ƙasa ne da azara. An tashi kwalejin zuwa Kaduna a 1938, amma ginin bai faɗi ba, har ya zama gidan adana kayan tarihi. A can Jenne ta ƙasar Mali, babban masallacinsu na ƙasa, wanda aka sake ginawa a 1907, kowace shekara mutanen gari su kan fito ƙwansu da ƙwarƙwata su yaɓe shi. Ƙarfin ƙasar da aka yi ginin da ita ba zai isa ba, in da hannun mutane ya daina komawa kansa.

Da siminti da kwano suka yawaita, musamman daga 1976 da aka soma shirin ba kowane yaro ilmin firamare kyauta, aka gina azuzuwa birjik a ƙauyuka, sai wani zato ya shiga zukatan mutane, wai ginin siminti ba ya bukatar kome. Har wa yau kuma aka ce na gwamnati ne, kowa ya janye hannunsa. Alhali kuwa siminti ma yana da nasa ciwon, sai dai ya kan ɓoye shi. Ruwa ya kan bi 'yar tsaga ya tarar da rodi a ciki, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, ya fasa simintin da ya rufe shi. Gara ta kan bi ta cikin ramin bulo ta hau har katakon rufi, ta cinye cikinsa ta bar fatar, ba a sani ba sai ran da silin ya rufto. Zafin rana yana buɗa kwano, sanyin dare ya tsuke shi, a hankali ƙusa ta yi sako-sako. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wannan kuwa gaskiya ne ko bangon na tubali ne ko na bulo.

A waɗansu ƙasashe, da manyan ofisoshi da asibitoci suka yi yawa, aka lura kuɗin riƙon gini tsawon ransa ba ƙaramin abu ba ne, sai aka mai da kula da shi sana'a mai zaman kanta. A 1980 masu wannan aiki a Amurka suka kafa ƙungiya, wadda a yau a ke kira IFMA, tana da reshe a Nijeriya, tana kuma yi wa mutane jarrabawa ta ba su takardar shaida. A Ingila aka kafa irinta a 1993. A 2018 hukumar daidaita ma'auni ta duniya ta fitar da ƙa'ida mai lamba ISO 41001, wadda ta bayyana yadda ma'aikata za ta tsara wannan aiki. A nan gida kuma, cikin watan Afrilu na 2022, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan umurni mai lamba 11, wanda ya ce ma'aikatun Gwamnatin Tarayya su kafa sashen kula da gyaran gine-ginensu. In mutum ya karanta waɗannan takardu ya tace su, abin da zai rage a rariya bai yi nisa da tsarin Sarkin Magina ba: a san mai nauyi, a yanka lokaci, a rubuta, a koyar.

Rubutun nan shi ne abin da zamani ya ƙara, shi ne kuma abin da mu malamai za mu fi iyawa. Mai kula da gini na gari yana da littafi biyu. Na farko littafin kaya ne, inda ya ƙidaya ɗakuna da ƙofofi da tagogi da bencina da famfo da janareta, da halin da kowanne ya ke ciki ran da ya karɓi aiki. Na biyu littafin gyara ne, inda ya ke rubuta ranar da aka ga ɓarna, da ranar da aka kai rahoto, da wanda ya gyara, da abin da aka kashe. Amfaninsu ya kan fito ran canjin aiki, gama wanda ya gaje shi ba zai fara daga duhu ba, ba kuma za a ɗora wa marar laifi asarar da bai yi ba. Takardar da ta ce "makaranta ta lalace" ba ta motsa kowa a ofis. Wadda ta ce kwano biyu na aji uku sun ɗaga, ana bukatar ƙusa da kafinta ɗaya kafin ruwan farko, ita ce a ke iya amsawa.

Sa'an nan aikin yana bin shekara, kamar noma. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, a hau rufi a bi ƙusa ɗaya ɗaya, a sare reshen da ya rataya bisa kwano, a yashe lambatu, a cike ramin da ke gindin bango. Da damina, musamman cikin Agusta sa'ad da ruwa ya fi ƙarfi, a shiga kowane ɗaki bayan an ɗauke ruwa, a sa alama da alli inda ya yi yoyo, a kuma lura da masai, domin a lokacin ne ramuka ke rufta. Da kaka, in ƙasa ta bushe, a toshe tsaga, a shafa farar ƙasa, a nome ciyawar da ke kewaye saboda gobara da macizai. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba. Farantan da ke tara hasken rana, waɗanda ke ɗaga ruwa a rijiyoyi da yawa yanzu, suna kuma riƙe sanyin allurar rigakafi a ɗakunan shan magani, in ƙura ta lulluɓe su ƙarfinsu ya kan ragu. Sau da yawa a kan ce inji ya mutu, alhali tsumma mai laushi da ruwa kaɗan da sassafe ya ke bukata.

Madatsar ruwa irin ta Kusada tana da nata ka'idodin, ya kuwa kamata kowa ya san su, tun da ba mai gadinta kaɗai za ta shafa ba in ta ɓalle. Ba a barin itace ya girma bisa bangon madatsa, domin saiwarsa tana huda ƙasa, in ya mutu saiwar ta ruɓe ta bar wa ruwa hanya. Haka kuma suri da ramin gafiya. Mafitar da aka yi don rarar ruwa ta wuce, lalle a bar ta a buɗe, kada a yi shuka ko a zuba shara a cikinta. In aka ga ruwa yana tsattsafowa ta bayan bango, ya kuwa fito da laka, to, ƙasar bangon ce ya ke ɗebewa, sai a gaggauta kai rahoto ga hukuma a ranar.

To, ina mai wannan aiki zai ƙaro sani? Hanyoyi suna nan hawa hawa. Kafinta da birkila da mai gyaran famfo ko lantarki suna iya zama jarrabawar sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda a ke hawa daga mataki na uku zuwa na ɗaya. Wanda ya gama sakandare yana iya neman shiga kwalejin kimiyya da fasaha, kamar ta Hassan Usman da ke Katsina, ya karanta aikin gini. Wanda ya riga ya kama aikin kula da babban asibiti ko ma'aikata kuwa, ƙungiyoyin da muka ambata suna da darussa waɗanda a ke bi ta intanet. Amma akwai makaranta wadda ta fi waɗannan kusa, ba ta kuma cin ko kwabo. Kusan kowane gari yana da tsohon magini wanda ya san inda ruwa ke bi tun kafin a yi titi, ya san ƙasar da ke riƙe gini da wadda ba ta riƙewa. Da masu kula da makarantu da ɗakunan shan magani da masallatai na gunduma guda za su riƙa haɗuwa sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta, su gayyaci irin wannan dattijo, kowa ya zo da littafinsa ya faɗi abin da ya ɓaci da yadda ya gyara, da tsani ɗaya ma ya ishi makaranta biyar.

Wataƙila wani ɗan'uwa zai ce, mu koyarwa muka zo koyo, ina ruwanmu da ƙusa da lambatu? Amsa ita ce, yawancinmu ƙauye za a kai mu, inda ba injiniya, ba ma'ajin sito. Malami shi ne zai riƙe mabuɗi, shi zai rubuta takarda, shi zai zauna da kwamitin iyaye da mai unguwa ya nuna musu cewa ɗakin da 'ya'yansu ke zama nasu ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma sai wani ya yi kira kafin hannuwa su taru. Yara kuma suna kallo. Yaron da ya ga malaminsa ya tsallake famfo yana zuba bai ko waiwaya ba, ya koyi darasi wanda ba a rubuta a allo ba, zai kuwa tafi da shi duk ofishin da ya girma ya riƙe.

Shawararmu ga 'yan'uwa ita ce mu fara tun daga nan. Kowane ɗakin kwana ya sami littafi guda, a zaɓi ɗalibi ɗaya kowane zango ya zaga ranar Asabar ya rubuta abin da ya gani, ya kai wa malamin gida. Muna roƙon malamanmu kuma, in da hali, su ba mu ko da awa ɗaya cikin wata tare da kafinta da birkilan makaranta, mu koyi riƙon guduma da cokalin gini kafin mu fita. Don tuwon gobe a ke wanke tukunya. Allah ya ba mu ikon riƙe abin da aka ba mu amana, amin.