Ko Kun Sani? Batirin Mota Bai Dace da Hasken Gida Ba

Sau da yawa in an ɗauke wuta sai a jawo tsohon batirin mota a jona ƙwai. Yana yi, amma ba ya daɗewa. An ƙera shi ne don ya ba da wuta mai ƙarfi ta 'yan daƙiƙoƙi a tayar da inji, farantan darmar cikinsa sirara ne, in ana tatse shi kullum sai su lalace. Batirin sola farantansa masu kauri ne, amma shi ma kada a sha fiye da rabin cajinsa.

Ga lissafin: ƙaramin batir mai bolt 12 da amfiya 7 na awa guda yana ɗauke da wajen wat 84 na awa guda. Rabinsa, 42, zai riƙe ƙwai biyu na LED masu wat 3 har awa 7, babu buƙatar inbata in ƙwan na bolt 12 ne. Faifan sola mai wat 20 ya isa ya mayar da wannan a yini ɗaya, muddin ana goge masa ƙurar hunturu.

Don Allah kada a haɗa faifan da batirin ba kwanturolar caji, kuma a sa fis daf da batirin, domin waya tsirara na iya ta da gobara.