Ƙaura da Doki da Dabbobin Gida a Mota

Mutum yakan tashi daga garinsu ya koma wani gari mai nisa, ko don aiki, ko don fatauci, ko don neman gona. Tabarma da tukunya da akwati ba su da wuyar ɗauka. A ɗaure su a jefa a mota, shi ke nan. Amma doki da kare da kyanwa masu rai ne. Suna jin ƙishirwa, suna jin tsoro, ba su kuwa da bakin faɗi.

Mu ɗauki misalin mai tashi daga Kano zuwa Maiduguri. Tsakaninsu kusan kilomita 600 ne, ta Wudil da Potiskum da Damaturu. A zamanin da, mahayi yakan ci kilomita 30 ko 40 a yini, sa'an nan ya ya da zango. Watau sai ya yi kwana 15 ko 20 a hanya. Yanzu babbar mota takan kai a yini guda. Don haka mutane da yawa suna tsammani dokin da aka ɗora a mota hutawa yake yi. Ba haka ba ne. Duk sa'ad da mota ta sha kwana, ko ta faɗa rami, ko direba ya taka birki, sai doki ya tokare ƙafafunsa don kada ya faɗi. Haka zai yi ta yi tun safe har la'asar. Yakan sauka a gajiye tilis.

Kafin ranar tafiya, ka je wurin malamin dabbobi ya duba dokinka, ya ba ka takardar shaida, gama akan tambaye ta a hanya. Ka duba motar da idonka. In akwai ƙusa ko ƙarfe mai tsini, a cire. A zuba yashi da kauri a daɓenta don kada kofato ya zame. A jingina bayan motar da tudu, kamar yadda ake yi a kara in za a loda shanu, doki ya shiga da ƙafarsa. Kada a dake shi, a lallashe shi. A kwance sirdi da linzami, a bar masa ragama kaɗai. In ingarmu biyu ne, lalle a gitta katako mai ƙarfi tsakaninsu.

To, ga abin da ya fi kashe dawaki a irin wannan tafiya. Mai doki yakan ɗaure kansa sama tamau, wai don kada ya yi fitina. Doki kuwa Allah ya halicce shi yana kiwo kansa a ƙasa. In ya sunkuya, majina da ƙurar da ya shaƙa sukan gangaro su fita ta hanci. In an ɗaure kan sama awa da yawa, ba su da hanyar fita, sai su koma cikin huhu. Ba a ganin kome a ranar. Sai an sauka da kwana ɗaya ko biyu doki ya soma tari, jikinsa ya yi zafi, ya ƙi abinci. Sai ka ji ana cewa sammu ne, ko baƙon wuri ne bai karɓe shi ba. Alhali igiya ce. Saboda haka ka sassauta ta yadda zai iya sauke kansa, amma kada ta yi tsawon da zai saka ƙafa a ciki.

Sai ruwa. Doki yakan sha lita 25 zuwa 40 a yini, da bazara kuwa fiye da haka. Ga shi da tsantsani, wani ba ya shan ruwan da bai saba da shi ba. Ka ɗebi na gida a jarka biyu, ka tafi da bokitinsa. Ku shirya da direba tun a tasha cewa bayan kowace awa 4 za a tsaya rabin awa a inuwa. Direbobi ba su son wannan, amma gara a yi cinikin tun ba a tashi ba. Kada ka cika masa ciki da dawa ko gero ranar tafiya, domin doki ba ya iya amai, ciwon ciki kuwa yakan kashe shi. Harawa ta isa, a yayyafa mata ruwa saboda ƙura.

Daga Maris zuwa Mayu zafi a ƙasar Barno yakan wuce digiri 40. Ku tashi da asuba. Kada a rufe motar ruf da tamfol, a bar iska ta ratsa.

Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake sanyaya jikinsa. In an kulle shi a ƙaramar mota cikin rana, zai iya mutuwa kafin awa guda. Ka ɗaure shi a inuwa nesa da ƙafafun doki, da gajeriyar igiya, don kada ya yi tsalle ya rataye kansa. A yi masa allurar rigakafin haukan kare kafin a tashi. Ana yin wannan allura a ƙasarmu, a ma'aikatar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda take can tun 1924.

Kyanwa kuwa a sa ta a kwando mai murfi, a shimfiɗa mata tsohon zane mai ƙanshin gida. Ban da buhu. Kada yara su buɗe kwandon a hanya, in ta fita ba za a sāke ganinta ba. A sabon gida a tsare ta a ɗaki mako biyu, gama kyanwa da wuri take sabo fiye da mutum. Tattabaru ma haka, in an sake su da wuri sai su nemi tsohon gida.

In kun sauka, doki ya huta kwana uku ba hawa. A kafa masa turke dabam da na dawakin gari har mako biyu. Zafin jikin lafiyayyen doki digiri 38 ne ko kusa da haka. In ya kai 39, ko ya ƙi ci, a kira malamin dabbobi ran nan, ba gobe ba.

Wanda ƙaurarsa ta nufi kudu, wajen Lakwaja ko Makurɗi, yana da wani abokin gāba kuma, watau ƙudan tsando. Yana zaune a kurmi da bakin rafi, cizonsa ne ke kawo sammore. Doki ya yi ta rama, ƙafafu da ƙarƙashin ciki su kumbura. Kare ma yana kamuwa. Kada a tsaya hutu a bakin rafi mai duhuwa, a nemi fili mai iska.